Yadda Bahago Ya Koma Kiwon Kaji

Wata biyar da rasuwar mijina, ƙaninsa ya gano ban iya karatu ba. Shekara ashirin da biyu ina zaune a rumfar tsofaffin littattafan nan, yana zuwa yana shan ruwan sanyina, bai gano ba sai da aka ce takardar rumfa tana buƙatar sabon suna, kuma babban wansu ne zai sa hannu.

Na-Karanta ake ce masa, don ba a taɓa ɗauko zance a gabansa bai ce "ai na karanta" ba, ko zancen ciwon haƙori ne ko na injin jirgin sama. Aikinsa ɗaukar hoton takardu a shagon wani, amma in yana magana sai ka rantse shi ke rubuta su. Tun ana zaman makoki ya ɗauke tabaraun marigayi ya ɗora a hanci, wai don tunawa da ɗan'uwa. Idonsa lafiya lau, gilashin kuwa na mai shekara sittin ne. Saboda haka ta sama yake leƙen mutane, in ya manta ya duba ta ciki sai ka ji ya yi karo da benci.

A lokacin kasuwar Rijiyar Tagulla ke ci. Littafi shida ne a jere, labarin wani maƙeri, Bahago, da ya bi guga ya sauka cikin rijiya, ya tarar da wata duniya a ƙasa inda garuruwa ke rataye da sarƙa, ana hawa tsuntsaye kamar motar haya. Wata nas ce ta fara kawo mini cinikinsa. Wani majinyaci ya manta na ɗaya a kan bencin asibiti, ta buɗe don ta ga sunan mai shi, ta cinye rabi a tsaye. Ta zo rumfata da farar rigarta tana tambayar na biyu kamar mai neman magani. Ita ta shafa wa bakaniken da ke gyara mata babur, shi ya shafa wa mai askin layinmu, mai aski kuwa duk kan da ya kama sai ya zuba masa labarin.

A bayan kowane bango akwai ɗan tambari mai ɗigo-ɗigo. In ka haska masa waya sai ya kai ka zauren masoya littafin, inda suke kiran kansu 'Yan Guga. Nas ɗin ta shiga, ta daɗe, har aka ba ta shugabancin zaure. Shekara biyu suna gardama ɗaya. Littafi na shida ya ƙare Bahago yana tsaye a gindin rijiya da fitila a hannu, ba a faɗa ba ko ya hau ya koma gida ko ya zauna a ƙasa.

Ni ma ina da ra'ayina a kai. 'Yata tela ce, rumfarta tana layin baya. In ciniki ya lafa da yamma sai ta zo ta karanta mini babi biyu, ta kuma karanta mini abin da 'Yan Guga suka ce. Sau biyu muka sauke shidan.

Ranar da muka zauna a falon babban wan nasu, Yaya Babba, Na-Karanta ya zo da takarda mai zane-zane da kibau.

"Yaya, rumfar littafi ba rumfar tumatir ba ce," ya ce. "Matar yaya mutuniyar kirki ce, amma littafi a wurinta launi ne da nauyi."

"A wurinka fa?" na ce.

"Ilimi."

"Guda nawa ka taɓa sayarwa?"

"Zamani ya wuce nan. Yanzu kasuwa tana cikin waya. Mutum ɗari huɗu ne a zauren 'Yan Guga. Zan shiga, in zama babbansu, in kwaso su in zuba a rumfa, su faɗa da bakinsu a gaban Yaya wa ya san littafi. A ba ni wata uku."

"Kwana uku," na ce.

"Wata biyu."

"Mako ɗaya, kuma ka zo da tsintsiyarka."

Yaya Babba ba ya son doguwar magana in ana jera kwanuka. Ya yanke wata ɗaya. In masu karatu suka taru suka shaide shi, takarda ta koma sunansa. In ba haka ba, nawa.

Na ce ban sallama ba tukuna. "Na farko, akwatin da nake zama a kansa, ba mai taɓa mini."

"Riƙe akwatinki. Me zan yi da zannuwanki?"

"Na biyu, in ka faɗi, tabarau ya dawo gidansu."

"In na faɗi," ya ce yana dariya. Ya miƙe, ya daki ƙofar falo da kafaɗa.

A nan sai na yi bayanin teburin gaba. Duk wanda ya yi sana'ar nan ya san abin da aka baje a gaba rabon rana ne da ruwan sama da masu dogon hannu. Don haka ni da marigayi ba ma ajiye littafin kirki a wurin. In littafi ya lalace, sai in ɗebe bango da 'yan shafukan da suka tsira, in cike cikin da tarkacen wasu littattafai masu faɗi ɗaya, in shafa gam, in danne da dutse kwana biyu. Ya fito fes, a jera shi a gaba don jan ido. 'Yan kwalliya muke ce musu. Mai saye ya nuna, in ce ajiye wannan, in ɗaga in ciro na gaske daga akwati.

Shidan Rijiyar Tagulla na kan tebur duk 'yan kwalliya ne. Na ukun na cike shi da wani labarin soyayya mai hoton mota a bango. Na shidan ƙarshensa ya tsira, amma ya yi siriri, sai na ƙara masa ƙasidar kiwon kaji a baya. Na cire mata shafukan hotuna don masu santsi ne, gam ba ya kama su.

Ranar farko Na-Karanta ya wargaza jerin shekara ashirin, ya sake shi bisa haruffa. Wata mata ta zo neman littafin lissafi na 'yan aji uku, ya yi rabin sa'a yana hawa benci yana sauka, yana cewa tsarin sabo ne shi ya sa. Sai da ta juya za ta tafi na ce ya ɗaga ƙafar tebur, koren littafin nan ne da ya tokare ta da shi tun safe.

Da yamma ya tattara shidan kan tebur ya cusa a jaka.

"Ƙanena, waɗannan na tebur fa..."

"Nazari zan yi."

"Tsaya in gaya maka yadda suke."

"Matar yaya," ya ce a hankali kamar mai lallashin yaro, "ke za ki gaya mini yadda littafi yake?"

Mai aski da mai gyaran waya na rumfar kusa duk suna ji. Na ce su zama shaida cewa na buɗe baki aka hana ni. Na gyara zamana a kan akwati.

Shiga zauren ba haka kawai ba ne. Sai ka amsa tambaya uku kafin a ce an zura maka guga. Ta farko, sunan tsuntsuwar da Bahago ke hawa. Na-Karanta ya aika musu da bayani mai tsawon kamu uku a kan tarihin adabi. Aka ce ya sake. Ya aika da hoton satifiket ɗinsa. Aka ce ya sake. Rana ta uku ya je ya zauna a kujerar mai aski, wai zai gwada shi ya ga ko ya fahimci littafin. Ya fito da amsa uku da kai tal, don mai aski in yana ba da labarin yaƙin Gadar Sarƙa ba ya sanin inda hannunsa ya tsaya.

Ya shiga da sunan Babban Masani. Nazarinsa kuwa na san irinsa: shafin farko, shafin ƙarshe, sai duk inda babban yatsa ya faɗa.

Kwana biyu da shigarsa 'yata ta zo da allura maƙale a wuyan riga, tana riƙe ciki don dariya.

"Inna, Baffa ya yi magana a zaure."

"Me ya ce?"

Ta karanta: "Abin da ya fi taɓa ni a littafi na uku shi ne inda jarumin ya tsaya a tashar mota yana hawaye, budurwarsa ta bi ɗan mai gidan burodi."

Aka yi masa ca. Bakanike ya rubuta, "Malam, a duniyar da ake hawa tsuntsu, ina aka samo tashar mota?" Wata ta ce a janye guga a bar shi a ƙasa. Nas ta ce a bi shi a hankali, wataƙila littattafai ne suka cakuɗe masa.

Da wani ne ya ji haka, da sai ya koma ya duba. Na-Karanta ya ɗauki hoton bango, ya ɗauki hoton shafin tashar mota, ya tura, ya bi su da cewa: "Ba laifinku ba ne. Ku na kasuwa kuka karanta, wanda aka yanke. Nawa bugun farko ne."

Kalmar nan ta bugun farko ita ta birkita zauren. Nan take wani ya tuna ya taɓa jin an yanke wasu babuka. Wani ya ce ɗan wansa ya ga mai kauri a hannun wani fasinja. Kafin yamma bakaniken da ya fara zaginsa ya gano tashar motar tunanin Bahago ce ta rayuwarsa ta sama kafin ya sauka. "Na daɗe ina cewa akwai mace a bayan shirun mutumin nan," ya rubuta.

"Inna, bari in gaya musu gaskiya," in ji 'yata.

"Ki gaya musu a ce na yi masa ƙafar ungulu? Wata ɗaya aka ba shi. Ya ce ya karanta, bar shi ya karanta."

Mako na biyu nas ta yi tambayar da kowa ke jira. Ta ce, Babban Masani, shin naka ya wuce gindin rijiya?

Ya sa aka jira shi yini guda. Sannan ya rubuta: "Ku shirya zukatanku. Bahago bai hau ba, bai kuma koma yaƙi ba. Zama ya yi ya kama kiwon kaji."

Na ɗauka a nan za a kore shi. Ashe ban san masu karatu ba, ni da na yi shekara ashirin ina sayar musu da littafi. Ya riƙa ba su kaɗan-kaɗan kamar magani. Yau Bahago ya share ɗaki ya zuba ɗusar katako. Gobe ya raba manya da ƙanana. Jibi ya kunna fitila ya bar ta kwana sha huɗu ba a kashe ba. Da aka zo kan fitila zauren ya kama da wuta. Ashe abin da ya sa yake riƙe da ita ke nan a gindin rijiya. Wata malamar makaranta ta ce ta yi kuka, mutum ya yi littafi shida yana kashe rayuka, yau ga shi yana ɗumama ƙananan rayuka. Zaure ya rabu biyu, 'Yan Kaji da 'Yan Ba-mu-yarda-ba, kuma 'Yan Kaji sun fi yawa.

Na-Karanta ya daina gaishe ni. Yana zuwa rumfa da waya a kunne ko ba a kira shi ba. Mai aski ya leƙo ya ce, "Mama, ashe kina zaune da dukiya ba ki sani ba."

"Ina zaune kam," na ce.

Mai gyaran waya shi bai karanta komai ba, amma ya ce tun da ya ga Malam yana duba waya a kife ta cikin tabarau ya san akwai ilimi a wurin.

Sai nas ta sanar cewa 'Yan Guga za su yi taronsu na farko ido da ido, ranar Asabar ƙarfe huɗu, a rumfarmu, don a ga bugun farko. Na-Karanta ya ce zai tara su, ga shi ya tara. Ya kuma sa doka cewa ba mai taɓa littafin, takarda ce mai tarihi, shi zai karanta da bakinsa. In ya tsallake inda ya kamata ya tsallake, suka tafa masa, rumfar da na yi wa shara tun ina da cikin 'yata ta tafi ke nan.

"Inna, yanzu fa?" in ji 'yata.

"Ɗinka masa abin da ya ce. Ki sa wuya ya yi tsayi."

Alkyabbar Bahago ya ce a ɗinka masa, daga tsohon labulen falonsa. Ya buga fosta mai hotonsa da tabarau, hannu a haɓa. Ya sayi bokitin ƙarfe ya shafa masa ruwan fenti don ya zama gugan tagulla. Ya aro guduma wurin kafinta. Ya je ƙarshen layi wurin mai kaji ya aro kaji biyu a kwando, wai alama ce. Mai kaji ta ce ba ta ba da aron kaza ta zauna a gida, ita ma za ta zo.

Ranar Asabar mutum ya kai sittin. Sun toshe layi har mai sayar da takalma ya kwashe kayansa. Wasu da ɗan guga na roba a wuya. Mutanen da suka shekara suna zagin juna a waya suka tsaya suna kallon juna.

"Kai ne Sarkin Sarƙa? Na ɗauka ƙato ne."

"Ke ce Gaggafar Arewa? Ba ke kika cire mini haƙori ba?"

Yaya Babba na zaune a kujerar roba, takardar rumfa a cinya, biro a aljihu. Ni ina kan akwatina.

Na-Karanta ya fito daga bayan kanta da alkyabba har ƙasa, fenti bai gama bushewa a bokiti ba, guduma a hannun dama. Bakanike ya ce, "Malam, Bahago fa?" Ya ce a bugun farko da hannu biyu yake aiki. Aka gyaɗa kai. Ya hau benci, ya ajiye bokiti da kwandon kaji a ƙasa, ya yi jawabi a kan adabin duniya har kajin suka fara gyangyaɗi. Sannan ya warware littafin daga cikin leda uku.

A gida in zai yi nazarinsa cire tabarau yake yi. A nan ga fosta a bayansa da tabarau, ga mutum sittin a gabansa. Ya kai littafin nesa. Ya kawo shi kusa har ya taɓa hanci.

"Ba... Bahago ya tsa... ya tsaya a gi..."

Ya share maƙogwaro. Ya karkata kai. Ya sake.

"Ƙanena," na ce yadda kowa zai ji, "cire tabarau mana, ba naka ba ne."

Da ban faɗa ba da wataƙila ya cire. Ya danna shi da yatsa har ya haɗe da gira. "Da shi nake nazari," ya ce. Ya ce haske ne bai isa ba, ya ja da baya taku ɗaya don ya nemi haske. Bencin kuwa a taku ɗayan ya ƙare.

Ƙafarsa ta dama ta faɗa bokiti ta zauna daram. Alkyabba ta kama kwando ta kifar. Kaza ɗaya ta bi ta kan malamar makaranta, ɗayar ta haye kantar littattafai ta bi jerin haruffa tana zubarwa, tun daga farko har ƙarshe. Gudumar ta sauka a yatsan mai gyaran waya. Littafin ya yi sama ya faɗo a gaban nas.

Ta ɗauka da hannu biyu kamar jariri. Ta ce tunda Allah ya kawo, bari ta taimaka. Na-Karanta yana cewa kada a taɓa, amma bokiti ya riƙe shi, duk takun da ya yi sai ka ji ƙwal.

Muryarta mai daɗi ce. Ta karanta inda Bahago ya tsaya a gindin rijiya, igiya tana lilo a gabansa, fitila a hannunsa, hasken sama kamar ƙwayar gero. Kowa ya san wurin, wasu na bin ta da leɓe. Ta juya shafi.

"Babi na biyu," ta karanta. "Shirya ɗaki kafin isowar 'yan tsaki. A share ɗaki tas, a zuba ɗusar katako mai kaurin yatsa uku..."

"A kunna fitila kwana sha huɗu, a sa magani a ruwan sha," in ji mai kaji daga ƙarƙashin tebur, tana jawo kazarta ta ƙafa. "Duk wanda ya yi zawo a ware shi."

Aka juya gaba ɗaya.

"Baiwar Allah, ke ma kin karanta bugun farko?" in ji bakanike.

"Wane bugu? Takardar da aka raba mana ce a taron masu kiwo. Tawa tana gida, har da hotuna."

Nas ta duba lambar shafi. Daga ɗari uku da sha takwas ya faɗo bakwai. Ta buɗe na ƙarshe ta karanta a hankali: "Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin dabbobi mafi kusa."

"To fitilar fa?" in ji malamar makaranta, tana cire gashin kaza daga mayafi.

"Don kada sanyi ya kashe su," in ji mai kaji.

Wani ya fara dariya a baya, ta bi layi har mai takalma da bai san zancen ba ya shiga. Bakanike kaɗai bai yi ba, yana can yana goge abubuwan da ya rubuta.

Na-Karanta ya ja bokitinsa ya zo tsakiya, ya nuna ni da yatsa. "Ita ce. Littafin jabu take sayarwa. Yaya, ka ga abin da nake faɗa? Da gangan na yi haka don in tona ta a gaban jama'a."

Dariya ta tsaya. Yaya Babba ya dube ni, hannunsa ya kai kan biro.

Ban tashi ba. Na ce, "A cikinku wa ya taɓa sayen littafi a wurina?"

Hannaye suka tashi, fiye da rabi.

"Wa na taɓa ba na kan tebur?"

Nas ta ce, "Kullum cewa kike, ajiye wannan."

"Ni har haushi nake ji," in ji bakanike. "Sai in ga na tebur ya fi kyau."

Na yi musu bayanin 'yan kwalliya, da gam, da dutse. Mai aski ya ce shi shaida ne na ce a tsaya in faɗi yadda suke, aka ce ni wa ce ce. Mai gyaran waya, yana riƙe da yatsansa, ya ce shi ma shaida ne, kuma ya janye maganarsa ta ilimi. Sannan na miƙe, na ɗauke matashi, na buɗe akwati. Ga su nan a jere, daga na ɗaya har na shida, kowane da ɗan'uwansa.

Yaya Babba ya ce, "Na ji. Amma maganarsa ita ce ba ki san abin da ke ciki ba."

Nas ta juyo. "Mama, ke a ganinki ya hau ko bai hau ba?"

"Ya hau."

"Hujja?" in ji bakanike, kamar na taka masa ƙafa.

"A littafi na ɗaya, da zai sauka, me ya ce wa uwarsa? Ya ce kada ta bari wutar maƙera ta mutu. Kai in ka bar babur a kunne, tafiya ka yi?"

"Amma a na biyar ya rantse wa mutanen Garin Sarƙa."

"Ya rantse zai kai su ga haske. Bai ce zai zauna ya sha inuwa da su ba. Kuma da wane hannu ya riƙe fitilar? Da dama. Ya bar hagu don igiya."

Wani ya fizgi na shida daga akwati ya duba. Da dama ne. Aka kaure. Rabin sa'a ana yi, malamar makaranta tana bayana, bakanike yana buga tebur, Sarkin Sarƙa ya hau bencin da aka faɗo daga kai. Ba wanda ya tuna da Babban Masani sai da aka ji kafinta yana tambayar ko a yanka bokitin ne ko a zuba sabulu.

"Mama, me ya sa ba kya zaure?" in ji nas.

"Ina ciki ta bakin 'yata."

"An zura miki guga, ba tambaya."

Yaya Babba ya shimfiɗa takarda a kan murfin akwatina ya rubuta sunana ya sa hannu. Ya ce a ba shi na ɗaya ya ga abin da ya hana shi cin abinci a kan lokaci. Na faɗa masa kuɗinsa, ya ce shi fa yaya ne, na ce shi ya sa ban ƙara ba.

Kafin a watse akwatin ya koma fayau. Bakanike ya dawo a ɓoye yana son in sayar masa da ɗan kwalliyar mai kaji. Ya taya, na ce albarka. Ya ninka, na ce albarka. Yana kan tebur har yau, mai son hoto da shi sai ya sayi littafi tukuna. 'Yan Kaji kuwa ba su watse ba, sun ce duk da haka nasu ƙarshen ya fi daɗi.

Ranar Litinin da yamma Na-Karanta ya zo yana ɗingishi. Ya ajiye tabarau a kan akwati. Na goge shi da gefen zane na sa a jaka. Littattafai na nan tsibi a ƙasa yadda kaza ta bar su, 'yata kuma ta buɗe namu na ɗaya, za mu fara sauka ta uku.

Ya tsaya yana kallon rufi. Can ya ce, "Matar yaya, wai da gaske ya hau?"

"Ai ka karanta."

Ya zauna a ƙarshen benci. Na ce benci na masu saye ne, in yana son ji ga aiki nan a ƙasa, kore da kore, ja da ja, masu nauyi a ƙasa. Ya durƙusa ya fara. 'Yata ta ci gaba da karatu. Ta kai inda igiya ta fara tsinkewa da Bahago a tsakiyar rijiya, sai na ga ya tsaya cak da koren littafi a hannu.

"Ɗan koma baya kaɗan," ya ce.

"Jera tukuna," na ce.